Wane dogon ƙwan fitila ya dace da tankin murjani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tankin ruwan gishiri mai tsawon santimita 120, faɗi 45, zurfi 50, wata bakwai ke nan da kafa shi. Akwai duwatsu masu rai a ciki, wato duwatsun da ƙananan halittun teku ke zaune a jikinsu, da kifi huɗu, da murjani mai laushi iri uku. Fitilar da ke kai dogayen ƙwai biyu ne T8 da na ciro daga tsohon tankina na ruwan daɗi. Murjanin bai mutu ba, amma ya koma ruwan ƙasa, wani kuma sai miƙewa sama yake yi. Ina so in ƙaro masu ƙashi, har da Acropora in hali ya yi, kuma na fi son fulorasan a kan LED. Wanne zan saya, guda nawa, kuma mene ne 10,000K da aktinik da nake gani a jikin kwali?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kyauta da ka faɗi zurfin tankin da abin da kake son kiwatawa, domin da waɗannan biyun ake zaɓar fitila, ba da abin da aka rubuta a jikin kwali ba.

Ga amsar a taƙaice kafin mu warware ta. Nemi gidan fitila na T5 HO, wato siririn bututun fulorasan mai ƙarfin haske, mai ɗaukar ƙwai shida, kowane mai wat 54, wanda kowane ƙwai yake da madubinsa shi kaɗai a bayansa, mai fanka a ciki, mai makunni biyu. Ka sa shuɗi huɗu, fari ɗaya, mai ruwan shunayya ɗaya. Sannan, kuma wannan shi ne inda mutane suka fi yin ɓarna, kada ka kunna su duka ranar da ka ɗora su.

Murjani dabba ne, amma yawancin irin da muke kiwatawa noma suke yi a cikin jikinsu. A cikin tsokarsu akwai wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya tak da ake kira zuzanteli, daga dangin Symbiodiniaceae. Ita ce take karɓar haske ta haɗa sukari, ta ci kaɗan, ta miƙa wa mai masaukinta mafi yawa. Shi kuma ya ba ta mafaka da dattin jikinsa da take amfani da shi kamar taki. Saboda haka fitilar da ke kan tankin murjani akushin abinci ce, ado ya biyo baya. Launin wannan gansakuka ruwan ƙasa ne. Idan haske ya yi ƙaranci, sai ta ƙara yawan sinadaran kama haske a jikinta don ta tsinci ɗan abin da ke saukowa, murjanin ya rine ya koma kalar ƙasa, ya kuma baje jiki ko ya miƙa wuya sama. Abin da kake gani ke nan. Sai dai ka auna naitiret da fosfet ma, domin idan suka yi yawa a ruwa su ma suna ƙiba gansakukar su mayar da murjani ruwan ƙasa, kuma wannan ba fitilar da za ta gyara shi.

Ba kowane launin haske gansakukar take ci daidai ba. Sinadaran da take kama haske da su, kulorofil a da kulorofil c2 da feridinin, sun fi jan shuɗi, wato hasken da tsawon zangonsa yake tsakanin nanomita 400 zuwa 500, feridinin kuma yana ɗan leƙawa cikin kore. Kulorofil a yana da wani ƙofa a ɓangaren ja, kusa da nanomita 675, amma teku ba ta cika barin ja ya sauka ba. Ruwa matata ne: ja yake fara haɗiyewa, cikin 'yan mitocin farko ya tafi, sai ruwan lemo, sai rawaya, shuɗi ne yake nutsewa can ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin hoton da aka ɗauka a zurfin mita goma ba tare da fitila ba ya san duniyar can shuɗiya ce. To ƙwan da ka ciro daga tankin ruwan daɗi an yi shi ne don tsirrai ko don idon mutum, ƙarfinsa yana wajen rawaya da kore da ja. Ga ƙaranci, ga rashin dacewa.

A nan ne ido yake yaudarar mai kiwo. Idon ɗan Adam ya fi jin haske a nanomita 555, kore mai ratsin rawaya, kuma ma'aunin lumen da ake bugawa a jikin ƙwai an gina shi ne a kan wannan idon. Ƙwan da ya kashe maka ido da haske yana iya zama bai ba murjani wani abin kirki ba, shuɗin da ka ga kamar dishi-dishi kuma yana iya ƙona shi. Ma'aunin da ya shafe mu shi ne PAR, wanda yake ƙirga ƙwayoyin hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, tsakanin nanomita 400 da 700, ba ruwansa da abin da ido ya fi so. Rana tsaka a yankin zafi, a saman ruwa, tana kaiwa wajen 2,000 a awon maikuromol, wanda da shi ake ƙirga tarin ƙwayoyin hasken. Kada wannan adadi ya ruɗe ka: awanni kaɗan take yi a wannan ƙarfin, ga gajimare, ga igiyar ruwa, ga zurfi, murjanin ma da kansa yana toshe abin da ya fi ƙarfinsa. Abin da masu kiwo suka saba bi a tanki shi ne wajen 50 zuwa 100 ga masu laushi irin su Discosoma da Zoanthus, 75 zuwa 150 ga masu ƙashi masu manyan baki da ake ce wa LPS, irin su Euphyllia, sai 200 zuwa 350 ga masu ƙananan baki, SPS, dangin Acropora ke nan. Tsohuwar ƙa'idar nan ta wat kaza ga kowane galan ka jefar da ita. Wat wutar da ƙwai ya sha yake nunawa, ba hasken da ya isa kan dutse ba, galan kuma bai san bambancin tanki mai faɗi da mai zurfi ba.

Yanzu ƙwayayen kansu. Duk aikinsu ɗaya ne: akwai ɗigon zaiba a cikin bututun, wuta ta bi ta cikin tururinta ta fitar da hasken da ido ba ya gani, galibi a nanomita 254, sai hodar fosfo da aka shafe cikin gilashin da ita ta karɓe shi ta mayar da shi hasken da muke gani. Haɗin hodar ne yake yanke launin ƙwai. Harafin T da lambar da ke biye da shi kauri suke nunawa, ana ƙirga shi da kashi ɗaya cikin takwas na inci: T12 inci ɗaya da rabi, T8 inci ɗaya, T5 kuwa biyar cikin takwas na inci, wajen milimita 16.

T8 irin naka, mai wat 36 ko 32 a wannan tsawon, ya isa tankin kifi zalla, ko tanki mara zurfi mai Discosoma kawai. VHO, wato T12 da ake tura wa wuta mai yawa har wat 110 a ƙafa huɗu, ya yi zamaninsa, tsofaffin masu kiwo har gobe suna yabon aktinik ɗinsa, amma samun ƙwai da cok ɗinsa, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga ƙwan, yanzu wahala ne. Akwai kuma wanda aka lanƙwasa gida biyu, PC, mai wat 55 ko 65 ko 96. Shi ban ba ka shawararsa ba ko kyauta aka ba ka: bututu biyun suna manne da juna, kowane yana haska ɗan'uwansa maimakon ruwa, yana zafi, yana saurin tsufa, ƙafafunsa kuma iri biyu ne, na jere da na murabba'i, ba sa shiga gurbin juna. Saura T5 HO, kuma shi ne kaɗai fulorasan da zan ce a kafa tankin Acropora a kansa. Yana zuwa da tsawo huɗu: wat 24 wajen santimita 55, wat 39 wajen 85, wat 54 wajen 115, wat 80 wajen 145. Naka na 54 ne. Ka lura da wani tarko: akwai T5 na ofis mai wat 28 wanda tsawonsa da ƙafafunsa daidai suke da na 54. Gidan fitilar da aka yi wa na 28, cok ɗinsa ba zai tura na 54 yadda ya kamata ba. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin cok ɗin, kuma ya kasance na lantarki ne, ba tsohon mai nauyin nan mai ƙugi da sitata ba.

Sirrin T5 ba a wat ɗinsa yake ba, a sirantarsa yake. Bututu yana watsa haske ta kowane gefe, rabi ƙasa rabi sama. Wanda ya tafi sama sai madubi ya dawo da shi. Idan bututun mai kauri ne, hasken da madubin ya turo baya jikin bututun yake sake bugawa ya ɓace a nan. Idan siriri ne, ana iya lanƙwasa masa madubi a zagaye da shi yadda hasken zai kewaye bututun ya sauka cikin ruwa. Shi ya sa na nace a kan kowane ƙwai da madubinsa. Gidan fitilar da aka jera ƙwai shida a ƙarƙashin faffaɗan farin ƙarfe guda ɗaya wutar shida yake sha, amma abin da yake saukarwa bai kai na huɗu masu madubi mai kyau ba. Idan ka je dubawa, juya gidan fitilar ka leƙa ƙarƙashinsa kafin ka kalli komai. In ka ga kowane bututu yana kwance a cikin kwarinsa na alminiyom mai ƙyalli, ka samu. In ka ga fili ne shimfiɗe, ajiye musu abinsu.

Na biyu shi ne zafi. An yi T5 ne ya fi ba da haske idan iskar da ke kewaye da shi tana wajen digiri 35, T8 kuma wajen 25. Akwai wani wuri a bututun, can ƙarshen da aka buga tambarin kamfani, wanda ya fi ko'ina sanyi, kuma zafin wannan wurin ne yake daidaita yawan tururin zaiba a ciki. In ya yi zafi da yawa haske ya ragu, hodar kuma ta yi saurin gajiya. In ya yi sanyi da yawa ma haske ya ragu. Ƙwai shida a cikin rufaffen akwati ba fanka suna wuce wannan iyaka cikin ɗan lokaci. Saboda haka fanka ba kayan ƙawa ba ce. Kuma idan za ka saka ƙwayayen, duk ƙarshen da ke da tambari ya fuskanci gefe ɗaya, gefen da takardar gidan fitilar ta nuna. Abu ne ƙarami, da yawa ba su san shi ba, suna mamakin yadda fitilarsu ba ta kai ta maƙwabci ba alhali iri ɗaya ce.

Me ya sa shida? Faɗin tankinka ne ya yanke. Santimita 45 yana ɗaukar shida cif, su rufe shi daga gaba zuwa baya. Huɗu za su riƙe maka masu laushi da LPS lafiya lau, har da Montipora, wani nau'in SPS, a saman dutse, kuma da ka ce a nan za ka tsaya da na ce huɗu sun isa. Tunda ka ambaci Acropora, sayi shida tun yanzu, kada ka saya sau biyu. Takwas na tanki mai faɗin 60 ne. A naka ƙasan ɗaki za su haska. Zurfin 50 kuwa bai fi ƙarfin T5 ba. Dogon bututu hasken sa ba ya raguwa da nisa da sauri kamar na fitila mai ɗigo ɗaya, don ta ko'ina yake zubowa, sai tanki ya wuce santimita 60 sannan ƙasa take fara yin duhu ga masu son haske. Ka rataye shi santimita 10 zuwa 20 a saman ruwa. Ka kuma sa a lissafi cewa shida sau 54 wat 324 ne, wani ɓangare na wannan zafin cikin ruwa zai shiga, ruwa zai ƙara ƙafewa, gishiri ya ƙara kauri. Riƙe zafin ruwa a wajen digiri 25 zuwa 26, ka riƙa cike abin da ya ƙafe da ruwan da aka tace, mara gishiri, kullum.

Sai launi, inda tambayarka ta fi nauyi. K ɗin nan Kelbin ne, ma'aunin da ke kwatanta launin haske da launin abu da aka gasa har ya yi haske. Tsohon ƙwan ɗaki mai zare wajen 2,700K ne, ruwan ɗorawa. Hasken rana tsaka wajen 5,500 zuwa 6,500K. Daga 10,000K fari ne tas mai ɗan sanyin shuɗi, 14,000K shuɗin ya bayyana, 20,000K ya rinjaya. Iyakar abin da lambar take gaya maka ke nan: yadda ido zai ga ƙwan. Ba ta faɗin ƙarfinsa, ba ta faɗin inda ƙarfin ya taru. Kuma da zarar an wuce 10,000K kowane kamfani da yadda yake liƙa lambarsa; ƙwai biyu masu lamba ɗaya daga kamfani biyu, ka kunna su gefe da gefe, za ka rantse ba dangi ba ne. Abin da ya kamata ka duba shi ne zanen nan mai kama da duwatsu da ke jikin kwali ko takardar kamfanin, wanda ke nuna yawan hasken da ƙwan ke fitarwa a kowane nanomita.

Aktinik na asali ƙwai ne da kusan duk haskensa ya taru a nanomita 420, shuɗi mai komawa shunayya, a bakin iyakar abin da ido ke gani. Shi ya sa yake kama da mara ƙarfi. Aikinsa na musamman shi ne tayar da ƙyallin murjani. Murjani da yawa suna da wasu furotin a jikinsu da ke karɓar shuɗi su mayar da shi kore ko ruwan lemo ko ja, dangin furotin ɗin nan da Osamu Shimomura ya fara ganowa a jikin wata halittar teku mai kama da lema, Aequorea victoria, a 1962, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2008 tare da wasu mutum biyu. Abin da hodar fosfo ke yi a cikin bututu, shi murjani ke yi a cikin ruwa. Amma akwai wani shuɗin daban, wanda ƙarfinsa yake wajen nanomita 450 zuwa 460 kuma ya bazu hagu da dama. Wannan shi ne jakin aiki: yana ba da PAR mai yawa, yana ciyar da gansakukar, yana kuma fito da ƙyalli. Wasu kamfanoni suna rubuta aktinik a jikin wannan ma, don haka zanen za ka duba, ba sunan ba.

In kana son sunaye, ƙwayayen ATI da Giesemann da Korallen-Zucht, dukansu kamfanonin Jamus, su ne masu kiwon murjani suka fi sabawa da su. A jerin ATI, Blue Plus shi ne shuɗin aikin da na faɗa, True Actinic shi ne na 420, Aquablue Special fari ne mai sanyi, Coral Plus fari ne mai ratsin shuɗi da shunayya, Purple Plus kuma shuɗi ne da aka zuba wa ja. Da tankin nan nawa ne, daga gaba zuwa baya haka zan jera: Blue Plus, Coral Plus, Blue Plus, Purple Plus, Blue Plus, sai na ƙarshe Blue Plus ko True Actinic. Ka tabbata ƙwai biyun da ke kan makunni ɗaya, masu kamawa da asuba da magariba, shuɗi ne; na gaba ma ya zama shuɗi, don fari a can gaba yana haska gilashi ya nuna duk wata ƙura da ke yawo a ruwa. Mai shunayyar guda ɗaya ya isa. Shi ne yake hana kifi mai ja ko ruwan lemo ya koma toka-toka a ƙarƙashin shuɗi. Biyu suna mayar da yashi ruwan hoda, abin ba kyan gani. In ka ga tankin ya yi maka shuɗi da yawa, cire shuɗi ɗaya ka sa Aquablue Special. Gaskiyar magana, muddin rabi ko fiye shuɗi ne, sauran zaɓin na idonka ne, murjanin ba zai yi ƙorafi ba. Wannan ma yana cikin daɗin T5: launin da bai yi maka ba, ƙwai ɗaya za ka zare.

To, ga inda nake so ka buɗe kunne. Murjaninka ya yi wata bakwai a ƙarƙashin wat saba'in da 'yan kai marasa madubin kirki, ya tara sinadaran kama haske har ya yi duhu. Ka sauke masa wat 324 rana ɗaya, gansakukar za ta kama hasken da ya fi ƙarfin abin da za ta iya sarrafawa, ta fara fitar da wasu nau'o'in iskar oksijin masu ƙona tsoka, murjanin ya tofar da ita don ya tsira, ya wayi gari fari fat. Ni kaina na yi wannan wautar shekarun baya. Na canza tsofaffin ƙwai shida da sababbi a yammaci ɗaya, na kuma wanke madubai da murfin, na zauna ina yaba yadda tankin ya haskaka. Kafin mako ya zagayo saman wani Montipora da na yi shekara biyu ina reno ya koɗe kamar alli. Ya farfaɗo, amma sai da ya ci watanni. Ƙarancin haske a hankali yake kisa, yana ba ka lokacin gyara. Yawansa ba ya jira.

Ga yadda za ka bi. Makon farko kunna shuɗi biyun nan kaɗai, awa takwas, gidan fitilar a sama sosai. Mako na biyu ƙara sauran huɗun na awa biyu da tsakar rana. Daga nan kowane mako ƙara musu awa ɗaya, har ka kai inda za ka zauna: biyun suna yin awa goma zuwa goma sha ɗaya, huɗun suna yin bakwai zuwa takwas a tsakiyarsu. In gidan fitilarka makunni ɗaya gare shi, shimfiɗa ragar taga ta roba ninki uku a saman tankin, nesa da zafin ƙwai, kana cire ninki ɗaya duk mako. Sa agogon da ke kunna wuta da kashewa da kansa, don murjani ya fi son abin da ba ya canzawa a kan abin da ya fi kyau amma yau haka gobe haka. Kana yi kana kallon dabbobin: wanda ya ƙanƙance, ya ƙi buɗewa da rana, ko samansa ya fara koɗewa alhali gefen inuwa yana da launi, haske ya yi masa yawa, sauke shi ƙasa ko ka koma matakin makon jiya. Discosoma ma sakin dutse yake yi ya bi ruwa neman inuwa. Duk sabon murjanin da ka kawo, a kan yashi zai fara zama, sannan ya hau dutse a hankali. Haka nan gawayin tace ruwa: in ka daɗe ba ka sa ba ruwa ya yi ɗorawa-ɗorawa, ranar da ka zuba da yawa ruwan zai washe, shuɗi ya ƙara ratsawa, ka ƙara haske ba tare da ka taɓa fitila ba.

Ƙarin haske yana jawo wasu buƙatu biyu da ba a jikin fitila suke ba. Murjani mai ƙashi zai ƙara saurin gini, ya ƙara shan alkaliniti da kalsiyam, sinadaran ruwa da yake gina ƙashinsa da su. Ka riƙa aunawa, alkaliniti tsakanin 7 da 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam 400 zuwa 450, kuma rashin hawa da sauka ya fi ainihin lambar muhimmanci. Sannan motsin ruwa dole ya ƙaru, don shi ke kwashe oksijin da ya taru a jikin murjani da rana. Game da Acropora, ka dakata tankin ya kai shekara. Fara da Montipora ko Seriatopora ko Stylophora. In suka yi wata uku suna tsiro da fararen kawuna, launinsu bai gudu ba, to ƙofa ta buɗe. Kuma in za ka iya aron na'urar auna PAR mai shiga ruwa ko na yini ɗaya ne, auna saman dutse da tsakiya da yashi da kusurwoyi ka zana a takarda. Wannan takardar ta fi duk abin da na rubuta maka a nan amfani wajen sanin inda za ka ajiye wane.

Ƙwan T5 ba ya mutuwa lokacin da ya daina amfani. Zai ci gaba da kamawa shekaru, amma hodar tana gajiya, ƙarfi yana sauka a hankali yadda ido ba zai lura ba. Masu kiwo suna canzawa tsakanin wata tara zuwa goma sha biyu. Mai fanka mai kyau ya kai shekara, mara fanka kada ya kai. Rubuta ranar da ka saka kowane ƙwai a jikin ƙarfen ƙarshensa da alƙalamin da ba ya gogewa, kuma idan lokaci ya yi, ɗaya ko biyu za ka canza, ka bar mako ɗaya ko biyu, sannan na gaba. In gidan fitilarka mai rage haske ne, bar sabon ƙwai ya yi wajen awa 100 a cikakken ƙarfinsa kafin ka fara rage shi. Tsakanin canji da canji kuwa, abin da ya fi cin haske ba tsufa ba ne, gishiri ne. Feshin ruwa yana bushewa a kan murfin roba da madubi ya bar farin ɓawo. Duk mako biyu kashe wuta, bar ƙwayayen su huce, goge murfin da tsumma mai laushi da ruwa mara gishiri. Madubin alminiyom in gishiri ya ci shi ya dusashe, ba ya dawowa.

Ruwan gishiri da wutar lantarki ba sa ga maciji, kuma hannunka kullum yana cikin ruwan. Gidan fitilar ya kasance da murfin kare feshi ko marufan ƙafafu masu hana ruwa shiga, a haɗa shi da wayar ƙasa, a bi da shi ta na'urar nan mai yanke wuta da zarar ta ji ta zurare. Kowace waya ka bar ta ta sauko ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi ƙasa. Kada ka taɓa canza ƙwai a saman buɗaɗɗen tanki; sauke gidan fitilar tukuna. In ƙwai ya fashe a ɗaki, buɗe taga, kwashe da kwali da tsumma mai laima, ban da injin zuƙar shara. Tsofaffin kuma a kai su inda ake karɓar kayan da ke da zaiba.

Tunda ka zaɓi fulorasan da idonka a buɗe, ga abin da za ka samu da abin da za ka rasa. Za ka samu haske shimfiɗaɗɗe kamar bargo, wanda ke shiga ƙarƙashin rassan murjani ta kowane gefe, ba wurin da ya ƙone ba wurin da ya yi duhu; wannan ne ya sa masu Acropora da yawa da suka koma LED suka dawo suka ƙara T5 biyu ko huɗu a gefensa. Za ka rasa walƙiyar nan mai rawa a kan yashi, don ita sai fitila mai ɗigo ɗaya. In ranka ya biya, siririn layin LED shuɗi guda ɗaya a gaban gidan fitilar zai kawo ta. Sai maganar samun ƙwai nan gaba. Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin T5 da T8 na hasken gida da ofis kasuwa tun watan Agusta na 2023 saboda zaibar da ke cikinsu, kuma a wannan shekarar ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata suka amince a daina ƙera dogayen ƙwan fulorasan na hasken yau da kullum zuwa 2027. Dokokin a kan na gida da ofis suke magana, amma idan manyan masana'antu suka rufe layin bututu da cok, masu ƙera na murjani ma sai sun ji a jikinsu. Ƙwan da ba a kunna ba ba ya lalacewa a ajiye, don haka ranar da ka sayi shidan farko ka haɗa da wasu shida da cok guda na ajiya, ka bar su cikin kwalinsu a wuri busasshe inda ba abin da zai danne su.